Tseren Mota Domin Wasa: Ran Wa Ke Cikin Motar?

A ƙasashen Turai, in sanyin hunturu ya wuce, ƙanƙara ta narke, itatuwa suka soma toho a watan Afrilu da Mayu, mutane su kan ɗauki hutu daga aiki. Miji da mata su zuba kayansu a bayan mota, su kama hanya, su kwana nan su yini can. Ba fatauci ya kai su ba, buɗe ido ne kawai. A cikin watannin nan kuma a ke soma tseren motoci. Ba masu cin abinci da tsere mu ke nufi ba. Muna nufin likita, ko akawu, ko makaniki, wanda ya ke gyaran motarsa da hannunsa da dare, ya biya kuɗin shiga daga aljihunsa, in ya ci kuwa ba ya samun kome sai ɗan kofi na ajiyewa a ɗaki. Sau da yawa abu biyun nan su kan gamu a gida ɗaya. Matar tana ƙidayar kwanakin hutu, mijin yana duban tayoyi.

Tambayarmu ke nan: ko daidai ne mutum ya sa ransa cikin hatsari domin wasa?

Bari mu ɗauki labarin wani tsere na ƙasar Italiya. Sunansa Mille Miglia, watau Mil Dubu. An soma shi a 1927. Motoci su kan tashi daga birnin Biresha, su je Roma, su komo, a kan hanyar da kowa ke bi, ta cikin garuruwa da ƙauyuka. A kan sake su ɗaya ɗaya, kowane minti mota guda. Manyan direbobi suna ciki, amma yawancin masu shiga mutanen gari ne da ƙananan motocinsu. A 1955 motoci fiye da 500 suka tashi. Wani Bature na Ingila, Stirling Moss, ya gama mil dubun nan cikin awa 10 da minti 7 da daƙiƙa 48. Abokinsa Denis Jenkinson yana zaune kusa da shi da doguwar takarda a naɗe, wadda suka rubuta kowace kwana da kowane tudu a ciki. Ƙarar inji ba ta bari su ji juna, sai da hannu ya ke nuna masa. Moss ba ya ganin abin da ke bayan tudu, amma in abokinsa ya nuna hanya miƙaƙƙiya ce, ba ya sassautawa.

Ba za mu ɓoye ba, labarin nan ya ba mu sha'awa. Akwai gwaninta a ciki, da ƙarfin zuciya, da amincewa da aboki irin wadda ba a samu kullum ko cikin 'yan'uwa. Wanda ya ce dukan wasa zunubi ne bai duba da kyau ba. Mutum ba jakin kaya ba ne da za a ce sai aiki kaɗai.

Amma ran 12 ga Mayu, 1957, wani saurayi ɗan sarautar Sifen, Alfonso de Portago, yana tuƙa Ferrari, saura kaɗan ya kai Biresha, sai tayarsa ta fashe kusa da ƙauyen Guidizzolo. Motar ta faɗa cikin masu kallo. Shi ya mutu, abokin tafiyarsa Edmund Nelson ya mutu, mutum 9 na bakin hanya suka mutu, 5 daga cikinsu yara ne. Shekarunsa 28, ya bar mata da 'ya'ya. Ba karo na fari ba ne kuwa, gama a 1938 wata mota ta kashe mutum 10 a Bolonya cikin tseren nan. Bayan 1957 aka hana shi.

Mai tsere ya kan ce, raina ne, ni na yarda. A nan ne ba mu tare da shi. Ran da mutum ya yi aure ya daina zama mai iko da jikinsa shi kaɗai. In ya karye, matarsa ce za ta yi jinya. In ya mutu, ita ce gwauruwa, 'ya'yansa ne marayu. Ashe abin da ya ɗauka ya kai wurin wasa ba nasa ne duka ba. Yaran nan biyar na Guidizzolo kuwa, wa ya tambaye su? Kallo suka fito yi. Sa'ad da Shaiɗan ya kai Ubangijinmu kan ƙolin Haikali domin ya diro, ya ƙi, gama dogara ga Allah daban ne, gwada Allah daban.

Wani zai ce, to, in matar ta yarda fa? Wannan ya fi wuya. Ba dukan mata ke tsoron gudu ba. Pat Moss, ƙanwar Stirling, ta ci babban tsere na Liyej zuwa Roma da komowa a 1960, ta bar maza a baya. Akwai matan da su ne ke tura mazansu. Amma mun san yadda yarda ta ke a cikin gida. Mace ta kan ce "to" domin a zauna lafiya, ko domin kada a ce ta hana mijinta abin da ya ke so. Mijin da ya ji "to" irin wannan ya hau mota, ya san a zuciyarsa bai sami izini ba. In kuwa kuɗin hutunsu ne ya shige cikin sabon inji, ya ci amanarta tun motar ba ta motsa ba.

Mutanen Biresha ba su bar tserensu ya mutu ba. A 1977 suka tashe shi da wata ka'ida dabam. Tsofaffin motoci ne ke shiga, irin waɗanda suka yi tseren tsakanin 1927 da 1957. Tafiyar da Moss ya yi cikin awa 10, yanzu kwana huɗu ko biyar a ke yinta. Ba wanda ya riga isa ke ci ba. A kan ce wa direba, daga nan zuwa can ka yi daƙiƙa kaza, a shimfiɗa igiyar roba a kan hanya mai auna lokacin da taya ta taka ta. In ka yi sauri an rage maka maki, in ka makara an rage. Direba ba zai iya wannan shi kaɗai ba, dole ya saurari mai riƙe da agogo da takardar hanya. Sau da yawa kuwa mai agogon nan matarsa ce. Giuliano Canè da matarsa Lucia Galliani sun ci wannan tsere sau da dama tare, shi a sitiyari, ita tana ƙidaya.

Kada mu yabe shi fiye da kima. Wasan masu kuɗi ne, motocin ba su da ƙarfin burki irin na yau, hanyar kuma ta jama'a ce, hatsari bai ƙare sarai ba. Duk da haka mun ga abu ɗaya. A nan hutun miji da mata da wasan mijin sun zama tafiya guda, ba wanda aka bari a masauki yana jiran labari. Mutum kuwa in matarsa tana gefensa, ya kan taka burki da wuri ba sai an faɗa masa ba.

Saura wanda gudun kansa ya ke so, ba agogo ba. Ba mu ce ya yi zunubi ba in ya je fili killatacce wanda aka gina domin tsere, inda akwai shinge tsakaninsa da masu kallo, da hular kwano, da likita a tsaye. A can ya fid da 'ya'yan mutane daga cikin abin. Matarsa kaɗai ta rage, sai ya zauna da ita kafin ya biya kuɗin shiga, ya tambaye ta a lokacin da ba ya fushi, ba ya sauri, ya kuma shirya tun da fari cewa in ta ce a'a, za su juya motar su tafi bakin teku tare.