Lalura, Bukata da Ƙawa: Tartibin Gida a Zamanin Tsada

Tun ranar 29 ga watan Mayun 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya shelanta janye tallafin man fetur, aka kuma saki Naira a watan da ya biyo baya domin ta nemi darajarta a kasuwa, babu wani gida a ƙasar nan, in ban da ƙalilan daga gidajen masu hali, da bai sake lissafin tukunyarsa ba. Litar mai da ake saye ƙasa da Naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin shekarar 2024 ta ƙare kuwa ta wuce 1,000. Dalar Amurka da hukuma ke sayarwa wajen Naira 460 ta zarce 1,500 a shekarar 2024. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa kuma ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disambar 2024. An ɗaga mafi ƙarancin albashi daga Naira 30,000 zuwa 70,000, amma a lokacin da aka ɗaga shi da ƙyar yake sayen buhun shinkafa guda, har ta kai a Kano magidanta suna sayen afafata, wato tsakin shinkafar da masu injin casa ke warewa su sayar wa masu kiwon kifi. Ko da yake farashin hatsi ya ɗan sauko daga baya, kuɗin mota da na magani da na haya da na makaranta ba su biyo shi ba. Saboda haka rage kashe kuɗi ya zama dole, babu mai gardama a kansa. Mas'alar da ta cancanci a tsaya a kanta ita ce, idan abin hannu ya kasa, me ake fara ragewa, me kuma ake riƙewa har ƙarshe?

Kafin a shiga wannan, ya kamata a kawar da wata shubuha, domin akwai masu cewa tsada ƙaddara ce, iyakar abin da ya rage wa bawa shi ne haƙuri. Gaskiya ne cewa yalwa da ƙunci duka a hannun Allah suke, kuma ya tabbata a hadisi cewa da kaya suka yi tsada a Madina aka roƙi Manzon Allah (SAW) ya yanke farashi, bai yanke ba, don tsoron kada ya zalunci wani a cikin dukiyarsa. Amma shi ne kuma ya hana ihtikari, wato ɓoye abinci har sai ya yi tsada, malaman Malikiyya kuwa tun daga Yahaya ɗan Umar na Ƙairawan, mai littafin hukunce-hukuncen kasuwa, sun ba shugaba damar tilasta wa mai ɓoyo ya fito da hatsinsa idan jama'a ta shiga matsi. Manomin Zamfara ko na Katsina da 'yan bindiga suka hana shi zuwa gona, da ɗan kasuwar da ya cika sito a kasuwar Dawanau yana jiran bazara, da mai mulkin da ya yanke hukunci bai tanadi abin da zai sassauta wa talaka raɗaɗinsa ba, duk a cikin ƙaddara suke, amma ƙaddara ba ta ɗauke taklifi daga kan mai hankali. Kowa za a tambaye shi gwargwadon abin da aka ba shi kiwo, maigida kuwa, komai ƙanƙantar abin da ke aljihunsa, yana cikin waɗanda za a tambaya.

Malaman usulu, musamman Imam Shaɗibi na Andalus, wanda ya rasu a shekara ta 790 bayan Hijira, sun kasa maslahar ɗan Adam gida uku. Akwai lalura, wadda idan aka rasa ta addini ko rai ko hankali ko zuri'a ko dukiya za su salwanta. Akwai bukata, wadda rashinta ba ya halakarwa amma yana jefa mutum cikin ƙunci da wahala. Sai kuma ƙawa, wadda ke ƙara wa rayuwa kyau da armashi. Ƙa'idarsu ita ce, idan biyu suka yi karo, na ƙasa ne ke ba na sama hanya, ba a kuwa kiyaye ƙawa da abin da zai rushe lalura. Wannan ƙa'ida, da ake karantawa a zaurukan ilimi kamar ta alƙalai da muftai ce kaɗai, ita ce mizanin da ya kamata maigida da uwargida su ɗora kuɗin cefane a kai. Abincin da zai riƙe jikin yaro, da maganin zazzaɓin cizon sauro, da awon mai ciki, da inuwar da za a kwana, lalura ne. Kuɗin makaranta da na Islamiyya, da jarin ƙosai ko awara da matar gida ke juyawa, bukata ce mai kusa da lalura, domin idan aka cinye ta yau, lalurar gobe aka cinye. Akwatunan lefe, da anko, da gara, da kayan ɗaki na gani a faɗa, da kwanakin biki bi da bi, ƙawa ce tsantsa.

To, abin baƙin cikin shi ne, a gidaje da yawa an juya wannan tartibi ƙafa sama kai ƙasa. Za ka ga an mayar da cin abinci sau biyu a yini, wani wurin sau ɗaya, an cire wake da kifi daga miya, an sayi rabin maganin da likita ya rubuta, an ce wa yarinya ta zauna gida zangon nan har a samu sarari. Amma idan aurar da 'ya ya taso, gonar gado ake sayarwa, a ci bashi a kan bashi, a cika ɗaki da kayan da amarya ba za ta taɓa rabinsu ba kafin shekara. Saurayi ya kai shekara talatin da 'yan kai bai yi aure ba, sadaki bai gagare shi ba, domin mafi ƙarancinsa a mazhabarmu rubu'in dinari ne, lefe ne ya gagare shi. Magidanci ya karɓi rance ya sayi ragon layya, alhali malamai sun sanya sharaɗin cewa kuɗinta kada ya takura wa bukatun mai yin ta, ya yini yana rabon nama, ya shafe wata uku yana ɓuya wa mai shago. Annabin da muke koyi da shi ya yi walimar aurensa da Nana Safiyya da dabino da cuku da man shanu, babu nama a ciki, kuma babu sahabi ɗaya da ya ga ƙasƙanci a wannan.

Me ya jawo haka, alhali mutanenmu ba jahilan addini ba ne? Dalili shi ne, lalura a cikin ɗaki take, babu mai ganinta sai Allah da iyalin da ke ɗanɗana ta, ƙawa kuwa a tsakar gida take a gaban 'yan biki. Yaron da ya kwana da yunwa ba ya kai ƙarar ubansa, amma dangin miji za su ƙirga turamen zani su kai labari unguwa. Muna kiran wannan rufin asiri, kuma lalle rufin asiri abu ne mai daraja, domin Alƙur'ani ya yabi matalautan da, saboda kamun kansu, wanda bai san halinsu ba yake zaton mawadata ne. Amma waɗancan sun kame ne daga roƙo, ba su ci bashi don su burge kowa ba. Kamun kai neman yardar Ubangiji ne, tsoron "kada a ce" kuwa reshe ne na riya, kuma mutumin da ya tauye haƙƙin da Allah Ya wajabta masa don ya cika wanda mutane suka ɗora masa, ya kamata ya binciki zuciyarsa ya ga wa yake tsoro a haƙiƙa.

Wani zai ce, ai al'ada ma tana da matsayi a shari'a, kuma biki ne ke ciyar da tela da kafinta da mai ƙunshi, shi ne kuma ɗan farin cikin da ya rage wa talaka. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, Musulunci bai zo don ya hana murna ba, mai wadata kuma ba a hana shi nuna ni'imar da aka yi masa. Sai dai fuƙaha'u sun yarda da al'ada ne matuƙar ba ta ture wajibi ba, kuma Suratuɗ Ɗalaƙi ta hukunta cewa ciyarwa gwargwadon hali ce, mai yalwa da yalwarsa, wanda aka ƙuntata wa da abin da aka ba shi. Al'adar da aka ɗinka a zamanin da albashin wata ke sayen buhu biyar, idan aka tilasta wa mutum ita a zamanin da da ƙyar yake sayen ɗaya, ta tashi daga al'ada ta koma haraji, harajin da talaka ke karɓa daga hannun ɗan'uwansa talaka.

Akwai kuma kuskure na biyu, wanda a ganina ya fi na farko haɗari, shi ne mayar da haƙƙin maƙwabci da na zumunta cikin sahun ƙawa, a fara datse shi tun kafin a taɓa anko. Ciyayyar da aka san gidajen Hausa da ita, inda kwanon tuwo ke fita da magariba wani ya shigo, tana mutuwa, almajiri ya yi bara ƙofa goma bai samu ɗumame ba, ɗan'uwa ya kira waya a ƙi ɗauka don an san abin da zai ce. Alhali kuwa wannan ita ce dabarar da magabata suka tsira da ita. Manzon Allah (SAW) ya yabi ƙabilar Ash'ariyawa, har ya danganta kansa da su, saboda idan guzurinsu ya ƙare a tafiya ko abincin iyalinsu ya yi ƙaranci a Madina, sai su tara abin da kowa ke da shi a mayafi guda su raba daidai. A shekarar fari da ake kira Ramada, wajen shekara ta 18 bayan Hijira, Sayyidina Umar ya haramta wa kansa man shanu har sai jama'a ta samu, ya rubuta wa gwamnoninsa su aiko da abinci, ya kafa tukwane yana ciyar da waɗanda suka kwararo Madina daga ƙauyuka. Kakanninmu ma, da suka ga yunwar Kakalaba a 1914 da farin shekarun 1972 zuwa 1974, da rumbun gandu da aron damin gero da gayya suka rufa wa juna asiri. Gidan da ya rufe ƙofarsa don ya tsira shi kaɗai ya yi asarar abin da zai cece shi ranar da tukunyarsa ta kwana a bushe.

Wannan tartibi ba ya tsayuwa sai da shawara tsakanin miji da mata. Maigidan da ke ajiye kuɗin cefanen bara ya fice tun asuba don kada a ce masa ba su isa ba, ya bar mace da ɗawainiyar ciko daga adashinta da kuɗin sana'arta, ya sani ciyarwa a wuyansa take, abin da ta bayar kuwa ihsani ne da ya cancanci godiya. Uwargidan da ke auna mijinta da mijin maƙwabciya ita ma ta sani, matsi irin wannan shi ke tura namiji ga bashin ruwa na manhajojin waya da cacar ƙwallo, waɗanda ke fara cin aljihu su ƙare da cin mutunci. Idan suka zauna suka buɗe wa juna abin da ke shigowa da abin da ke fita, suka jera lalura a gaba, bukata a bayanta, ƙawa a ƙarshe, to wadatar zuci da ake wa'azi a kanta ta samu ƙafar da za ta tsaya.

Amma talaka shi kaɗai ba zai iya karya al'ada ba, domin idan ya rage sai a ce rashi ne, idan mai hali ya rage sai a ce sunna ce. Don haka nauyin farawa yana kan attajirai da sarakuna da malamai da manyan ma'aikata: su aurar da 'ya'yansu da sauƙi a idon jama'a, su fitar da zakkar da ke kansu cikakkiya su kai ta ga masu ita, limamai su faɗi hukuncin layya da lefe ƙarara a kan mumbari, masu unguwanni da dattawan dangi su yi ittifaƙi a kan iyakar da ba za a wuce ba. Farashin mai da darajar Naira ba a hannun magidanci suke ba, yana da haƙƙin ya nemi adalci a kansu daga masu mulki ta hanyar da ta dace. Amma tartibin gidansa a hannunsa yake, kuma a kan wannan ne za a fara yi masa hisabi. Allah Ya yaye mana wannan ƙunci, Ya ba shugabanninmu tausayin talakawa, Ya sa mu fi jin kunyarSa a kan kunyar bayinSa.