Shin Hali Zanen Dutse Ne?

Duk wanda ya fita birnin Katsina ta hanyar Dutsin-ma, ya ratsa ƙasar Batagarawa, ya ga Kwalejin Ilimi ta Tarayya inda ake horar da malamai, ya kuma ga Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa wadda aka kafa a 2006, ya kyautu wata daɗaɗɗiyar mas'ala ta faɗo masa a rai: in hali zanen dutse ne, kamar yadda muka gada a bakin magabata, mene ne fa'idar wannan ɗawainiya ta tarbiyya?

Hukama'un Rumawa sun daɗe da tsayawa a kanta. Kwintiliyan, malamin balaga a birnin Rum, wanda ya wallafa littafinsa wajen shekara ta 95 Miladiyya, ya tafi a kan cewa waɗanda aka halitta daƙiƙai ƙalilan ne, galibin yaran da suka lalace kuwa kulawa suka rasa, alhali basirarsu na nan. Don haka ya ƙi dukan almajiri, bisa hujjar cewa wanda nasiha ba ta gyara ba, bulala taurin kai kawai za ta ƙara masa.

Mai musu yana da abin kafa hujja, kuma mai nauyi. Seneka, duk da zurfin hikimarsa, shi ya karantar da Nero tun yana yaro, sai ga almajirin, bayan ya hau sarautar Rum, ya umarci malaminsa da ya kashe kansa a shekara ta 65. Amma ni a ganina wannan ƙissa ba ta rushe tarbiyya ba, domin yaron da ya tashi a fada tsakanin makirci da fadanci, aka kuma damƙa masa daula yana ɗan shekara 16, malami guda, komai ikhlasinsa, ba ya iya rinjayar gida ɗungurungum. Imamu Gazali, Allah ya jiƙansa, ya kawo dalilin da ya fi gamsar da ni, cewa da ɗabi'a ba ta karɓar canji, da wa'azi da horo duk sun zama banza.

Inda na fi jin tsoro shi ne abin da Ibn Khaldun ya lura da shi a Muƙaddima, cewa tsanantawa tana koya wa yaro ƙarya da yaudara, har ya riƙa bayyana saɓanin abin da ke zuciyarsa. Ɗalibin malanta da zai bar Batagarawa gobe, a miƙa masa aji cike maƙil da dorina a kan tebur, zai iya samun shiru nan take, ya zaci ladabi ne, alhali riya yake shukawa a zukatan 'ya'yan mutane da aka ba shi amana.