Ba Ruwa Ne Ya Tsaga Wuƙar Ba

Akwai wata ƙara da duk maƙerin wuƙa yake tsoron ji. Ɗan "ƙas" ne kawai, a daidai lokacin da ya zaro ƙarfe jawur daga wuta da awartaki ya tsoma shi a ruwa. Da ya ji ta ya san aikin yini ya tafi, domin wuƙar ta tsage daga baki, kuma irin wannan tsaga ba ta gyaruwa. Nan take za ka ji yaron maƙera yana cewa ai ruwan ne ya cika sanyi.

Ruwa yana da nasa kason, ba musu. Ƙarfen da ake wuƙa da shi, kamar sifirin ɗin mota da maƙeranmu suke saye a wurin 'yan gwangwan, yana ɗauke da sinadarin kabon. Idan zafinsa ya kai wajen digiri 800 a ma'aunin Salsiyas, aka sanyaya shi farat ɗaya, sai tsarin cikinsa ya sauya, ya yi tauri ƙwarai, ya kuma ɗan kumbura. To amma wuƙa ba ta sauyawa gaba ɗaya. Baki siriri ne, shi yake fara hucewa, gadon baya kuwa yana nan da zafinsa. Wannan na ja, wancan na turawa, duk a cikin 'yan daƙiƙoƙi. Shi ya sa irin wannan ƙarfe ya fi son a tsoma shi a mai, don mai ba ya fizge zafi da gaggawa irin ta ruwa.

Sai dai tsaga ba ta farawa a ko'ina sai inda aka riga aka yi mata gurbi. Wani lokaci ɗan zane ne mai zurfi da magagari ya bari. Wani lokaci kusurwa ce mai tsini a inda jikin wuƙa ya haɗu da wutsiyar da take shiga ƙota. Ko kuma maƙerin ya yi zumuɗi ya wasa bakin tun kafin a kai shi wuta, alhali masu lura sukan bar masa kaurin wajen milimita 1 sai bayan an gama. Babban laifin kuwa a bakin zuga-zugi ake yin sa. Mai zuga ya dage, ƙarfe ya wuce ja ya koma ruwan ɗorawa, ƙwayoyin cikinsa su yi manya-manya, ƙarfinsa ya ragu ba tare da ido ya gani ba. Karya irin wannan wuƙa ka duba cikinta, za ka gan shi ɓarje-ɓarje maimakon lallausa. Don haka ne ake son a duba launin ƙarfe a inuwa, wasu kuma su kusanto da mayen ƙarfe, tunda yakan daina kama shi a wajen digiri 770, alamar an kusa.

Ashe ruwa bai yi komai ba illa tona asiri. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Mu kuwa mun saba tuhumar ranar da abu ya fashe. Gini ya rufta a watan Agusta mu ce damina ce, mu manta da buhunan simintin da aka rage ranar da ake zuba ginshiƙi, da rani tsaka, ba ko ɗigon ruwa a sama.

A yi adalci dai, ba kowace tsaga ce ganganci ba. Maƙeran takobi na Japan sukan shafa yumɓu mai kauri a bayan takobi, su bar ɗan kaɗan a bakinsa kafin su tsoma a ruwa, kuma duk da ƙwarewarsu sukan yi asara a wannan mataki.

Wuƙar da ta fito daga mai lafiya ma ba ta tsira ba tukuna. Taurin nan ya yi yawa, jikinta a ɗaure yake, tana iya tsagewa ita kaɗai a ajiye ba wanda ya taɓa ta. Dole a mayar da ita ga zafi mai sauƙi, wajen digiri 200, na awa ɗaya ko biyu, har launinta ya koma ruwan zuma. Za ta rasa ɗan tauri, amma ta daina karyewa. Mai koyon ƙira, wannan aiki kada ka bar shi ya kwana.