Tsuntsun da ba shi da wani gari

'Yan uwa, yawancinmu a nan Gabukka zuwa muka yi. Wani daga Kano, wani daga Katsina, wani tun daga Maraɗi. Kasuwa ta mutu a can, muka ɗaure kaya muka taho Gombe. In ta mutu a nan ma, mun san hanyar tasha.

To, akwai wani ɗan tsuntsu a ƙasar Seshel, can tsakiyar tekun Indiya, wanda bai san hanyar tasha ba. Ƙwari yake tsinta a bayan ganye, jikinsa bai cika tafin hannu ba. Ta kai ga a duniya kaf ba a samunsa sai a tsibirin Kuzin, wanda bai kai hekta 30 ba. Fiffikensa lafiya lau, amma da wuya ya ƙetare ruwa. Mutane suka sare dajin suka dasa kwakwa, don kwakwa ke kawo kuɗi. A 1968 tsuntsayen da suka rage ba su kai 30 ba. A shekarar ne masu kare tsuntsaye suka sayi tsibirin, suka ƙyale dajin ya sake tsirowa. A 1988 aka fara kai wasu tsibirin Arid. Yanzu sun kai dubbai.

Masu kwakwar nan fa ba mugaye ba ne. Iyali suke ciyarwa, kamar mu. Abin da ya raba su da tsuntsun shi ne su suna da wurin komawa.

Mu dawo gida. Buhunan gawayin da ake saukewa a bakin shagunanmu itatuwa ne jiya. Wani zai ce, Alhaji, ni saye na yi, ban riƙe gatari ba. Haka ne, kuma gas ya yi tsada, uwargida ba za ta dafa tuwo da wa'azi ba. Amma mai gatarin don wa ya sara? Ranar da dajin ya ƙare, dillali zai koma wata jiha, mu kuma mu canza haja. Tsohuwar da ke tsintar kirare a ƙauyen, da manomin da zaizaya ke cin gonarsa kowace damina, su ne 'yan tsibiri. Ba su sa hannu a cinikin ba, kuma da su za a biya.

Ba mu ce kowa ya rufe shago ba. Amma in motar gawayi ta tsaya ranar Asabar, kafin a fara taya farashi, a tambayi direba daga wane daji aka ɗauko, kuma su wa ke zaune kusa da shi.