Wanda Ya Ci Kuɗin Caca: Ya Ɓoye Sunansa Ko Ya Bayyana?

 

Ya 'yan'uwa, a shekarar 2018 wata mata a jihar New Hampshire ta ci kusan dalar Amurka miliyan 560 a cacar Powerball. Ta garzaya kotu don kada a bayyana sunanta, alƙali kuma ya amince. Tsoron mutane ne ya kai ta: maroƙa, 'yan damfara, ɓarayi. Mu ma tambayar ba ta yi mana nisa ba. Rumfunan LONANI suna nan a Yamai da Maraɗi da Damagaram, kuma wa zai rantse cewa babu mai lazimi da ya taɓa yankar tikiti a ɓoye?

In irin wannan ɗan'uwa ya ci, a ganina ya ɓoye, amma ba don dalilin waccan mata ba. Aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta haramta caca, kuma hadisin Bukhari da Muslim ya yi kashedi ga wanda Allah ya rufa wa asiri da dare, gari ya waye ya tona kansa. In aka ga hotonsa yana murmushi, magidanta nawa ne za su kai kuɗin hatsin gida rumfar caca?

Sai dai nafsu wayo gare ta. Za ta ce masa: "Tunda ba wanda ya sani, ci abinka a hankali." In ya ƙi, sai ta sake riga: "To shimfiɗa wa zawiya darduma, ka ciyar da jama'a ranar Maulidi." Wannan ta biyun ta fi ba ni tsoro, don za a riƙa kiransa mai hidima da dukiyar da aka tara daga aljihun dubban mutanen da suka yi hasara.

Imam Gazali ya yi bayani a cikin Ihya'u cewa dukiyar haram da ba a san masu ita ba, a fitar da ita ga matalauta da maslahar Musulmi, mutum yana nufin sauke nauyi. Ke nan ba kyauta yake yi ba, balle ya jira godiya.

Mutum ɗaya ne bai kamata ya ɓoye wa ba: malamin da zai nuna masa hanyar tuba da inda kuɗin za su tafi. A biya wa marasa lafiya magani, a haƙa rijiya a ƙauyen da ba a san shi ba, kada a kafa allo da sunan kowa. Da yamma ya koma sahunsa na wazifa da rigar da aka saba ganinsa da ita.