Mai kasuwa ba ya zama alƙalin kasuwa

 

Ya ku ƴan uwa Musulmi, a yau za mu ɗauko darasi daga wata shari'a ta ƙasar Amurka, a kan wasan ƙwallon sanda da suke kira besbol, wanda ya zama sana'a mai tarin dukiya a wurinsu.

An zargi ƴan wasa takwas na ƙungiyar White Sox ta birnin Shikago da karɓar kuɗi daga ƴan caca domin su bari a ci su a gasar ƙarshe ta shekarar 1919. Wasu cikinsu sun amsa laifi a rubuce. Amma kafin a zauna shari'a a 1921, sai takardun iƙirarin suka ɓace daga hannun masu gabatar da ƙara. Kotu ta sallame su. Washegari, Landis, wanda masu ƙungiyoyin suka naɗa shugaban wasan a 1920, ya kore su duka takwas daga sana'ar har abada. Ba a cire sunayensu daga jerin korarru ba sai a 2025, bayan dukansu sun daɗe a kabari.

Mu ba mu wanke su ba. Rashawa haramun ce, caca ma haramun ce. Abin dubawa shi ne: me ya ba attajiran wasa ikon yanke abincin mutum bayan kotu ta sake shi? Babakere ne. Ba su da kishiya a kasuwar, wanda suka rufe wa ƙofa ba shi da wata. Amurka tana da dokar hana babakere tun 1890, amma a 1922 Kotun Ƙolinsu ta ce dokar ba ta hau kan besbol ba. A wancan zamani akwai kuma sharaɗin da ke ɗaure ɗan wasa ga ƙungiya guda, ta riƙe shi ko ta sayar da shi yadda ta so. A 1969 Curt Flood ya ƙi yarda a miƙa shi ga wata ƙungiya, yana cewa shi ba haja ba ne. Ya kai ƙara, ya faɗi a 1972. Sai a 1998, shekara guda bayan mutuwarsa, aka yi doka da sunansa wadda ta shigar da aikin ƴan wasan manyan ƙungiyoyi ƙarƙashin kariyar waccan dokar.

Ya bayin Allah, malamanmu na fiƙihu sun riga sun tsare waɗannan ƙofofi biyu. Ta farko, hujja: mai da'awa shi ke kawo shaida, wanda ya musanta rantsuwa ke kansa, kuma ana tabbatar da hukunci ne a gaban alƙalin da ba shi da rabo a cikin abin. Duk wanda ya ɓatar da takardar shaida ya ci amanar ɓangarori biyu: mai laifi ya kuɓuta, marar laifi ya rasa abin wanke kansa. Ta biyu, ihtikari: a mazhabar Imamu Malik hanin bai tsaya ga abinci kaɗai ba, ya game duk abin da riƙe shi zai cutar da jama'a.

To mu dubi kawunanmu. Idan mu ƴan kasuwa muka haɗa baki kan farashin hatsi, ko muka ƙulla cewa yaron da ɗayanmu ya kora babu mai ɗaukarsa, ba tare da an ji ta bakinsa ba, mun zama masu ƙara kuma alƙalai a lokaci guda. Ranar da za a buɗe takardun ayyukanmu, babu wadda za ta ɓace.

Allah ya tsare mu daga zalunci da ɓoye shaida, ya halatta mana abincinmu. Amin.