Shin Tambari Dukiya Ne?

Wani matashi daga Gummi ya yi mini tambaya wadda ta cancanci a amsa ta a fili. Sana'arsa ita ce buga tambarin Arsenal da Barcelona da Kano Pillars a jikin riguna, yana kai su kasuwannin Anka da Bukkuyum. Ya ce da kuɗinsa ya sayi yadi, da guminsa ya buga, to haƙƙin wa ya ci?

Farko dai a raba abu biyu. Idan ya ce wa mai saye rigar ta asali ce, wannan algus ne tsagwaronsa, ba sai an tsawaita ba. Muslim ya ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya cusa hannunsa cikin tarin abinci a kasuwa, ya taɓa danshin da aka ɓoye a ƙasa, ya kuma barranta daga mai ha'inci. Amma yaron da ya sayi rigar a Anka ya san jabu ce, farashinta ma ya gaya masa. Ba a yaudare shi ba.

Saura mai tambarin. A nan malamai suka yi saɓani. Magabatan Hanafiyya sun tafi a kan cewa dukiya ita ce abin da ake iya riƙewa a ajiye, haƙƙi zalla kuwa ba a cinikinsa. Malikiyya da sauran jumhuru suna lissafa amfani a cikin dukiya. A shekarar 1988 Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta zauna a Kuwait, ta yanke cewa sunan kasuwanci da tambari da haƙƙin marubuci mallaka ne, shari'a ta kare su. Nijeriya ma tana da dokar tambari, ga kuma sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023.

Na san abin da zai ce: Arsenal tana Ingila, ina za ta ji zafin riga hamsin a Bukkuyum? Gaskiya ne, da wuya ta ji. Sai dai wadatar mutum ba ta halatta dukiyarsa, bambancin addini ma haka. Kuma hujjar nan ta taɓa juyo mana. Atamfar da aka kwaikwayi zanenta a waje, aka shigo da ita ta ɓarauniyar hanya, tana cikin abin da ya karya masaƙun Kaduna, har UNTL ta rufe a 2007, magidanta da dama suka koma gida hannu rabbana.

Abin da na fi natsuwa da shi: wanda ya ɗinka wa kansa ko ɗansa riga don son ƙungiya, lamarinsa da sauƙi. Wanda ya mai da abin kasuwa, to sunan wani yake sayarwa, domin ba don tambarin ba rigar ba za ta yi wannan kuɗi ba. Na ce wa matashin, Kano Pillars dai ga ta nan Kano, ya je ya nemi izini. Ƙungiyoyin unguwa kuma suna neman mai zana musu nasu.